Shin da Kuɗi Dodgers ke Sayen Kofin Besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, shekara shida ke nan ina tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York. Ƙwallon ƙafa na taso ina kallo, amma abokan aikina, yawancinsu 'yan Jamhuriyar Dominika, ba su da zance sai besbol. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, an gama kakar wasa amma gardama sai ƙaruwa take yi. Wannan ya ce Juan Soto ya ci amanar Yankees da ya koma Mets, wancan ya ce Dodgers sun ɓata wasan, da kuɗi suke sayen kofi. Yaya ake cinikin 'yan wasa a nan? Kuma da gaske kuɗi ne ke kawo kofi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama da hanya. Gardamar da kake ji al'ada ce daɗaɗɗiya. Amurkawa har suna suka sa wa wannan lokaci, sunan da ma'anarsa ita ce gasar bakin murhu, domin a da idan sanyi ya sauka an rufe filaye, sai magoya baya su kewaye murhu suna jin ɗumi suna cinikin 'yan wasa da fatar baki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu wasa, sai lissafi.

Abu na farko, ka ajiye tunanin kasuwar ƙwallon ƙafa a gefe. A Turai kulob zai ɗauki kuɗi ya miƙa wa wani kulob ya sayi ɗan wasa. A babbar gasar besbol ta MLB, mai ƙungiyoyi 30, musaya ake yi: ka ba ni gwaninka guda, in ba ka matasa uku ko huɗu da nake reno a ƙananan ƙungiyoyina. Kwantiragin ɗan wasan yana bin sa kamar yadda yake, kuma galibi ba a neman yardarsa, sai in ya sa sharaɗin hakan a takarda, ko ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya. Mutum zai kwana ɗan Boston ya wayi gari ɗan Los Angeles. Inda ake biyan wani abu mai kama da kuɗin saye shi ne idan an ɗauko ɗan wasa daga Japan ko Koriya ta Kudu yana cikin kwantiragi. Dodgers, ƙungiyar Los Angeles, sun biya kulob ɗin Orix Buffaloes na Japan sama da dala miliyan 50 kan mai jifa Yoshinobu Yamamoto, ban da dala miliyan 325 na shekara 12 da suka ba shi kansa.

Lambar da za ka riƙe ita ce shida. Ɗan wasa na hannun kulob ɗinsa har sai ya cika shekara shida a babbar gasa. Shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi yake karɓa, dala 760,000 a 2025, ko da shi ne ke ɗauke da ƙungiyar a kansa. Ukun da ke biye, idan an kasa daidaitawa, alƙalan sasanci ke yanke albashin. Sai ya cika shida sannan ya zama mai 'yancin kansa, ya buɗe ƙofa kowa ya zo ya taya. Wannan 'yanci ma ba a sama aka tsince shi ba. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda St. Louis Cardinals su miƙa shi ga Philadelphia Phillies, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972. Sai a 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya kwance wa 'yan wasa mari, shekara ashirin kafin hukuncin Bosman da 'yan ƙwallon ƙafa suka sani.

To, ka auna Soto da wannan. Ya fara a Washington Nationals a 2018 yana ɗan shekara 19. A 2022 aka miƙa shi San Diego Padres, a Disamba 2023 aka sake miƙa shi Yankees. Duk tafiyar nan biyu ba shi ya zaɓa ba. Kaka ɗaya tak ya yi a Bronx, gidan Yankees, kuma ya yi ta da kyau: bugunsa ne a wasa na biyar da Cleveland ya kai Yankees gasar ƙarshe ta World Series, karon farko tun 2009. A Disamba 2024, karon farko tun shigarsa MLB da zaɓi ya zo hannunsa, ya karɓi tayin Mets, dala miliyan 765 a shekara 15. Ni ban ga cin amana a nan ba. Yankees sun san shekara ɗaya ta rage masa lokacin da suka ɗauko shi, haya suka yi da idonsu a buɗe. Abin da ya ƙona wa abokanka rai shi ne bai yi nisa ba, tsallakawa kawai ya yi zuwa Queens, wajen maƙwabcin da suka saba rainawa.

Idan kana neman cinikin da ya cancanci fushi, ka waiwayi Boston. Mookie Betts shi ne gwarzon American League, ɗaya daga rukunan MLB biyu, a 2018, shekarar da ƙungiyarsa Boston Red Sox suka doke Dodgers suka ci kofi. A Fabrairu 2020, shekara ɗaya kafin ya samu 'yanci, suka miƙa shi ga Dodgers ɗin tare da David Price, suka karɓi Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Dalili? Rage nauyin albashi, alhali Boston na cikin ƙungiyoyi mafi arziki, kuma masu ita su ne masu Liverpool. Dodgers suka ɗaure Betts da dala miliyan 365 na shekara 12, ya ci musu kofi a 2020 da 2024 da 2025. Tsofaffin Boston kuwa sai suka tuna wani tsohon miki, sayar da Babe Ruth ga Yankees bayan kakar 1919, wanda daga nan suka zauna babu kofi har 2004. Ka lura, Betts ba a kasuwa Dodgers suka ƙwace shi ba, mai shi ne ya gaji da biya.

Yanzu ga maganar kuɗi. Abokinka ba ƙarya ya yi ba, Dodgers na da aljihu mai zurfi. Tun 2013 suke da yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 8 a shekara 25, abin da ƙungiyar ƙaramin birni irin Pittsburgh ko a mafarki ba ta gani. Kuma MLB ba ta da iyakar albashi irin ta ƙwallon kwando ko zari-ruga na Amurka. Haraji ne kawai ake ɗora wa wanda ya wuce wani mizani, dala miliyan 241 a 2025. Mai ƙarfi sai ya wuce, ya biya tara, ya kakkaɓe rigarsa. A 2024 harajin Dodgers kaɗai ya haura dala miliyan 100, fiye da albashin wasu ƙungiyoyi gaba ɗayansu.

Abin da ya fi tunzura mutane shi ne kwantiragin Shohei Ohtani na Disamba 2023. A takarda dala miliyan 700 ne na shekara 10, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. Sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043, babu ruwa a kai. Da yake kuɗin da za a biya nan da shekara goma bai kai na hannu daraja ba, wajen lissafin haraji ana ƙirga shi kamar miliyan 46 a shekara, ba 70 ba. Wasu na kiran wannan wayo, amma doka ta yarda, kuma ba Dodgers suka ƙirƙiro shi ba. Ka tambayi duk ɗan Mets da ka ɗauka a mota game da Bobby Bonilla: kowace ranar 1 ga Yuli ana aika masa kimanin dala miliyan 1.19, tun 2011 har zuwa 2035, mutumin da ya daina wasa tun 2001.

Sai dai kuɗi na da iyakar inda yake kai mutum, kuma a nan ne besbol ya sha bamban da abin da ka saba. Kaka wasa 162 ce. A irin wannan doguwar tafiya mai yawan gwanaye zai fito fili, domin idan mai jifa biyu sun ji rauni yana da na uku da na huɗu. Kuɗi na sayen wannan, babu musu. Dodgers ba su taɓa rasa shiga wasannin fitar da gwani ba daga 2013 zuwa 2025. Amma duba tazarar. Manchester City ta ci wasa 32 cikin 38 a kakar 2017/18. A besbol, ƙungiyar da ta ci 100 cikin 162 ita ce gagara-badau, wato kusan shida cikin goma. Chicago White Sox ta 2024, da ta kafa tarihin zamani na shan kashi 121, ita ma ta ci 41. Haka wasan yake: gwanin mai jifa sau ɗaya yake fara wasa cikin kwana biyar, gwanin mai bugu sai layi ya zo kansa, sau huɗu ko biyar a wasa, kuma ko wanda ake ji da shi yakan kasa sau bakwai cikin goma. Ba ka da ikon cewa a riƙa ba Ohtani ƙwallo kamar yadda ake neman Messi a fili.

Sai Oktoba ta zo, a ɗauki ƙungiya 12 a ce su kara a gajeren zango: wanda ya fara cin biyu cikin uku, sai uku cikin biyar, sai huɗu cikin bakwai. A nan komai na iya faruwa. Dodgers ɗin nan sun ci wasa 111 a 2022, Padres masu 89 suka kore su a zagayensu na farko. A 2023 sun ci 100, Arizona mai 84 ta share su uku babu ko ɗaya. A wannan shekarar ce kuma Mets suka fi kowa kashe kuɗi suka ƙare da cin 75 da faɗuwa 87. A 2025, da Soto a cikinsu ya buga hom-ran 43 (bugun da ke tsallake shingen fili ya ba da ci kai tsaye), Mets suka rasa gurbi a ranar ƙarshe ta kaka. Cardinals kuwa sun taɓa cin kofi a 2006 da wasa 83 kacal.

Ka dubi kofi biyun da ake kuka a kansu. A wasa na biyar na World Series ta 2024 Yankees na gaban Dodgers da ci 5 da nema a gidansu, nan kusa da kai. A zagaye na biyar cikin taran da ake yi a wasa, Aaron Judge na Yankees ya saki ƙwallon da yakan cafe ido rufe, sannan mai jifansu Gerrit Cole ya tsaya bai ruga ya tsare tushe na farko ba, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa ya taka. Kafin a ankara an rama biyar ɗin, Dodgers suka ci 7 da 6 suka ɗauki kofi. A 2025 abin ya fi haka tsanani. Wasa na bakwai a Toronto, Blue Jays na gaba, saura su fitar da masu bugun Dodgers biyu su ɗaga kofi. Wanda ya farke ba Ohtani ba ne, ba Betts ba ne, Miguel Rojas ne, ɗan shekara 36 da ke can ƙarshen layin masu bugu. A rabi na biyu na wannan zagayen aka fitar da ɗan Toronto a bakin tushen ƙarshe, inda ake samun ci, da tazarar da ba ta kai taku ba. Will Smith ya buga na nasara a zagaye na 11, Yamamoto ya rufe wasan bayan ya yi jifa a daren da ya gabaci wasan. Da ƙafar wancan ɗan Toronto ta riga ƙwallo, da yau abokanka na cewa Dodgers sun yi asarar kuɗi.

Shi ya sa ni nake auna ciniki da abin da aka sani ranar da aka ƙulla shi, ba da abin da ya faru a dare ɗaya na Oktoba ba. Kuma in ka tambaye ni inda laifi ya fi yawa, zan nuna maka masu ƙungiyoyin da ke karɓar rabon kuɗin shiga daga manya su ƙi kashewa. A MLB babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiya za ta yi shekara biyar a ƙasan teburi, mai ita bai rasa barci ba, har ma ta samu damar gaba wajen zaɓen sababbin matasa. Amma ban ce babu matsala ba. Milwaukee Brewers, daga ƙaramin birni, sun fi kowa cin wasa a 2025 da 97, suka haɗu da masu jifan Dodgers aka share su huɗu a jere. Ɗan Milwaukee na da hujjar jin haushi, domin shi idan ya reni gwani, agogon shekara shida na bugawa a kansa.

Wannan gardama ta teburin shayinku ita ce ke jiran manya a teburin sasanci. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne, wasu masu ƙungiyoyi na son a sa iyakar albashi, 'yan wasa kuwa sun daɗe da cewa ba za ta saɓu ba. Da aka matsa kan wannan batu a 1994, yajin aiki aka shiga a watan Agusta, aka soke World Series ta shekarar, ba a koma fili ba sai ƙarshen Afrilu 1995.