Amsoshin Tambayoyinku: Bajamushen da ya guje wa 'yan Nazi, ya kuma sa kakinsu a fim

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana cewa ya ji ana faɗin wai fuskar Joker, mugun nan na finafinan Batman, daga wani ɗan wasan Jamus aka samo ta, kuma wai mutumin ya tsere wa mulkin Hitler amma ya ƙare yana fitowa a matsayin hafsan Nazi. Yana so ya san ko gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, yaya aka yi mutum ya yarda ya sa rigar waɗanda suka raba shi da ƙasarsa.

Amsa: Malam, mutumin da kake nufi shi ne Conrad Veidt, kuma duka maganganun biyu suna da tushe. An haife shi a Berlin ranar 22 ga Janairun 1893, kuma a kan dandamali ya koyi sana'arsa, domin a 1913 ya samu shiga gidan wasan kwaikwayo na Deutsches Theater a ƙarƙashin Max Reinhardt, wanda a lokacin babu daraktan da ya kai shi suna a Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa wannan tafiya, aka tura shi fagen daga na gabas, inda ciwon shawara da ciwon huhu suka kwantar da shi har aka sallame shi daga soja. Da ya murmure ya koma wurin Reinhardt, daga nan kuma ya shiga fim.

A wancan zamani fim ba ya magana, saboda haka duk abin da ɗan wasa zai faɗa sai ya faɗe shi da ido da hannu da yanayin tafiya, kuma a nan ne horon dandamali ya yi wa Veidt rana. A fim ɗin The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, wanda Robert Wiene ya ba da umarni, ya fito a matsayin Cesare, wani mai tafiya cikin barci da ake ajiyewa a akwati ana aikensa kisa. Akwai wurin da kyamara ta tsaya a kan fuskarsa yana buɗe ido a hankali, fatar idon tana rawa kafin ta ɗaga, daga baya kuma a gan shi, dogo siriri cikin baƙaƙen kaya, yana bin jikin bango da hannu ɗaya a miƙe. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yau ana nuna wa masu koyon fim wannan fitowa.

Batun Joker kuwa ya samo asali ne daga zamansa na farko a Amurka. A 1928 kamfanin Universal ya fitar da The Man Who Laughs, wanda aka gina a kan littafin marubucin Faransa Victor Hugo, inda Veidt ya fito a matsayin Gwynplaine, wanda aka tsaga wa baki tun yana yaro ta yadda fuskarsa za ta dawwama cikin dariya. An sa masa haƙoran roba masu ƙugiya da ke janye gefen bakinsa, sai ya zamana baƙin cikinsa duka a idonsa ake karanta shi alhali bakin yana washe. Bob Kane da Bill Finger, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Joker a 1940, sun ce hoton Veidt a wannan fim ne ya ba su fuskar, ko da yake abokin aikinsu Jerry Robinson ya ce daga katin karta ya ɗauko tunanin. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne Gwynplaine ba mugu ba ne, wanda aka zalunta ne. Fuskar kawai aka ara.

Kashi na biyu na tambayarka shi ne ya fi nauyi a wurina. Da fim ya fara magana, Veidt ya koma Jamus a 1929 saboda Turancinsa bai nuna ba, kuma yana cikin manyan taurarin ƙasar lokacin da Hitler ya hau mulki a 1933. Shi ba Bayahude ba ne, kuma da ya so zama da ya zauna cikin daraja, kamar yadda wasu takwarorinsa suka yi. Amma a shekarar ce ya auri Ilona Prager, wadda ake kira Lily, Bayahudiya, suka ƙaura zuwa Ingila. Masu rubuta tarihinsa suna kawo cewa da aka ba shi takardar da gwamnati ke tilasta wa 'yan fim su bayyana asalinsu a ciki, sai ya rubuta cewa shi Bayahude ne, yana sane da cewa ya rufe wa kansa ƙofar aiki a ƙasarsa. A 1934 ya ja fim ɗin Jew Süss da aka yi a Ingila, wanda ya nuna tausayi ga Yahudawa. Kada a haɗa shi da wani fim mai irin wannan suna da 'yan Nazi suka yi a 1940 don cusa ƙiyayya. Veidt ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1939, ya kuma ba gwamnatinta rancen dukiyarsa domin yaƙi.

Bayan ya fito a matsayin mugun waziri Jaffar a The Thief of Bagdad na 1940, wanda yaƙi ya sa aka ƙarasa ɗaukarsa a Amurka, shi ma ya sake komawa can. Hollywood a lokacin tana neman masu harshen Jamus da za su fito a matsayin 'yan Nazi, kuma yawancin waɗanda ke da harshen 'yan gudun hijira ne. Wannan ne ya kai shi ga fitowa a matsayin hafsan Nazi Manjo Strasser a Casablanca na 1942, fim ɗin da labarinsa yake a Maroko amma aka ɗauke shi a Kalifoniya, kuma da yawa daga cikin 'yan wasansa, irin su Peter Lorre da Paul Henreid, su ma barin Turai suka yi saboda Hitler.

Ra'ayina shi ne babu cin karo tsakanin gudunsa da wannan fitowa. Mu masu kallo mun saba ɗora wa bos laifin abin da ya yi a fim, har mu ji haushinsa idan mun gan shi a zahiri, amma Veidt ya san mutanen da yake kwaikwayo sani na kusa, kuma yana so duniya ta gan su yadda suke. Shi ya sa Strasser ba ya yawan ɗaga murya. Yana zaune tsaf a teburi, yana magana cikin ladabi, yana karanto wa mutum tarihin rayuwarsa daga ɗan littafin aljihu. Da ya mai da shi mahaukaci mai ihu, da masu kallo sun raina haɗarin, wanda kuwa ya rasa ƙasarsa a hannun irin waɗannan mutane ba zai so a raina shi ba.

Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ranar 3 ga Afrilun 1943 zuciyarsa ta buga yana wasan golf a Los Angeles, ya rasu yana da shekara 50, bayan ya fito a finafinai fiye da 100. Casablanca ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a shekarar da ta biyo baya, kuma a fim ɗinsa na ƙarshe, Above Suspicion, wanda ya fito bayan rasuwarsa, ya taka rawar mai taimakon waɗanda ke yaƙar 'yan Nazi ne.