Ƙara matsin turbo a zafin Kaduna

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗaga matsin turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin mota) daga bar 0.8 zuwa 1.2 (bar ma'aunin matsi ne) ta hanyar ɗaure bawul ɗin turbo da ke sakin hayaƙi kawai. Gaskiya ban goyi bayan haka ba, domin ƙarin iska yana buƙatar ƙarin fetur, kuma sai an sake saita kwamfutar injin kafin ta ba da shi daidai. In ba haka ba, injin zai fara ƙwanƙwasa, har kan fistan ya narke. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna yana tsananta wannan haɗari. Ka fara duba intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin injin) da fulogi, sannan ka riƙa ƙara bar 0.1, kana auna cakuɗar iska da fetur da rana tsaka.