Kicin Ɗinmu: Romon Waken Lentil Ya Ƙi Nuna

Tambaya: Na ɗora romon waken lentil (wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi) don abincin rana. Ya yi awa guda a wuta bai yi laushi ba, ƙasan tukunyar kuma ya kama. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar'uwa, mun fi zargin tumatir. Tsaminsa yana hana ƙwayar laushi idan aka zuba shi tun farko, haka ma lemon tsami. Waken da ya daɗe a ajiye shi ma taurin kai gare shi.

In za ki sake dafawa, ki tsince waken kofi 1, don akan samu tsakuwa, ki wanke har ruwan ya washe. Ba sai kin jiƙa ba. Ki soya albasa 1 da karas 2 a mai cokali 2 har albasar ta yi laushi, ki sa tafarnuwa ƙwaya 3 na minti 1 kacal, in ta ƙone ɗaci take yi. Sai wake da ruwa kofi 4. Da ya tafaso ki kwashe kumfar, ki rage wuta sosai.

Jan lentil yana narkewa cikin minti 15 zuwa 20, mai ruwan ƙasa ko kore yakan kai 30 zuwa 40. Ki murza ƙwaya ɗaya da yatsu. In ta baje, to a sa tumatir da gishiri, a ƙara minti 10.

Kamun tukunya kuwa wuta ce ta yi yawa. Ki riƙa juyawa har ƙasa, in ya yi kauri ki ƙara ruwan zafi. Lemon tsami sai an sauke.