Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS: me ya sauya a zahiri?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina safarar kayan masarufi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Tun da aka ce Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, hankalina bai kwanta ba. Shin za a wayi gari a ce sai da biza za mu tsallaka? Kuma anya ƙasashen nan za su iya tsayawa da ƙafarsu?

Amsa: Malam, maganar biza tukuna, don ita ce ta fi damun ka. Ƙasashen uku sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, dokar ƙungiyar kuma ta tanadi wa'adin shekara guda, saboda haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ce ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga mutanen ƙasashen uku, su bar su suna shiga da fita ba biza har sai an sake sanarwa. Su ma shugabannin ƙawancen Sahel da ƙasashen uku suka kafa, wato AES, sun riga sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Abin da ya sauya shi ne tushen wannan sauƙin. A da haƙƙinka ne, bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 da ta ba ka kwana 90 ba biza. Yanzu alfarma ce da kowane ɓangare ya ga damar yi, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janye ta ranar da rai ya ɓaci. Ka riƙa tafiya da takardunka cikakku, da na motarka da na kayanka, kada ka dogara da sanayyar jami'an kan iyaka.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Sojojin da ke mulki a Bamako da Wagadugu da Yamai sun cim ma abin da ake yi da sa hannu a takarda. Sun sallami sojojin Faransa daga Mali a 2022, daga Burkina Faso da Nijar a 2023, Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Sun kafa AES a Satumban 2023, suka mai da ita tarayya a taron Yamai na Yulin 2024, suka fitar da fasfo nasu, suka kuma sanya harajin rabin kashi 1 cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen don ɗaukar nauyinsa.

Amma dukkansu ukun babu mai bakin teku. Mali ta dogara da tashoshin Dakar da Abijan. Nijar kuwa hanyarta mafi kusa ita ce tashar Kwatano ta ƙasar Benin, kuma tun da ta ƙi buɗe iyakarta da Benin, manyan motoci suka koma ɗauko kaya daga Lome, su ratsa Burkina Faso cikin jerin gwano da rakiyar soja saboda 'yan bindiga. Kwanakin da direba ya yi yana jiran ayari ya taru, da kuɗin man da ya ƙaru, duk mai sayen shinkafa a kasuwar Yamai ne ke biyansu. Ɗanyen man da Nijar ke haƙowa a Agadem shi ma ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 yake bi zuwa gaɓar tekun Benin. Sannan har yau sefa suke kashewa, kuɗin da ke ɗaure da yuro, kuma ba su fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, da ke kula da shi ba. Sun san sauya kuɗi ba wasa ba ne.

A ganina ECOWAS ce ta share wa ficewar hanya. Bayan hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, aka yi barazanar tura soja. Janar Tiani, wanda ya karɓi mulkin Nijar, bai kwana a duhu ba. Mai jinya a asibiti da mai sayar da ƙanƙara su suka ji a jikinsu, tare da 'yan kasuwar Illela da Maigatari da motocin albasarsu suka ruɓe a bakin shinge. Kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, jama'a da dama sun riga sun ɗauki ƙungiyar a matsayin abokiyar gaba. Hakan bai wanke juyin mulki ba, kuma tsaron da aka yi juyin da sunansa bai samu ba, musamman a yankin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu.

Ba wannan ne karon farko da wata ƙasa ta fita ba. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, ta dawo a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ita ba tare da ta koma mamba ba. Ina kyautata zaton irin wannan za a ƙare da shi tsakanin ECOWAS da AES. Kai kuwa, abin da ya fi shafar kasuwancinka shi ne abin da Abuja da Yamai za su daidaita a kai su biyu: kuɗin fito, yawan shingaye, da tsaron iyakar da ta kai kilomita 1,500. Duk lokacin da ka ji hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ta zauna, ka kasa kunne, ku kuma kai kokenku gare ta ta hannun ƙungiyarku ta 'yan kasuwa.