Hukuncin sana'ar haɗa sauti a fim da wasannin kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan sitidiyo a Samaru, ina haɗa wa masu fim da masu ƙirƙirar wasannin waya sauti: gyaran muryoyi, takun ƙafa, ƙarar ƙofa da makamantansu. Wani lokaci kuma a ce in sa kiɗa a ƙarƙashi. Abokina ya ce kuɗin duk haram ne. In bar sana'ar ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abokinka ya yi kuɗin goro, alhali aikin ba abu guda ba ne. Kai ma in ka buɗe aiki a manhaja layi-layi kake ganinsa: maganar 'yan wasa, sautin wuri, sautin motsi, ƙirƙirarrun sautuka, sannan kiɗa. Hukunci yana bin kowane layi ne da abin da ke cikinsa. Ƙa'idar malamai a babin ijara, wato yin aiki don lada, ita ce ladan aiki yana halatta idan amfanin da aka biya dominsa halal ne.

Layuka huɗun farko halal ne, matuƙar fim ɗin ko wasan ba na batsa, caca ko izgili da addini ba ne. Wanda ya kifa ɓawon kwakwa biyu a kan yashi don fitar da takun doki, ko ya karya karan dawa kusa da makirfo don a ji kamar ƙashi ya karye, bai taɓa kayan kiɗa ba. Haka wanda ya ɗauki hayaniyar kasuwar Sabon Gari ko kukan tsuntsaye da asuba. Wannan sana'a ce, kuma shari'a tana son a kyautata ta. Ka ɗauki sauti a kan saitin 48 kHz da bit 24, don shi ne ma'aunin bidiyo. Idan aka cuɗa shi da sautin da aka ɗauka a kan 44.1 kHz ba a juya daidai ba, a hankali baki da murya sai su rabu. Bayan kowace fitowa ka sa kowa ya yi tsit, ka ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa 60, da shi za ka cike gurbin da ka yanke. Gurnanin wutar lantarki a ƙasarmu yana kan 50 Hz, ana iya tace shi da ninke-ninkensa, amma ƙarar janareta ko ta jiragen koyon tuƙi da ke shawagi a saman Palladan ba ta fita sai ta ɓata muryar, don haka a jira ta wuce. Wanda ya san wannan ya yi shiru, ya karɓi kuɗi ya miƙa gurɓataccen aiki, ya yi algus, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Saura layi na biyar. Mafi yawan malamai, ciki har da mashhurin mazhabobi huɗu, sun hana kayan kiɗa. Hujjarsu aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda Ibn Mas'ud ya fassara da waƙa, da hadisin Bukhari mai ba da labarin mutanen da za su halatta zina, alhariri, giya da kayan kiɗa. A Risala, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan birnin Zariya, Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta mutum ya saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba. An keɓe duffu, wato mandiri, saboda hadisin Nana A'isha na 'yan mata biyu da ke waƙa ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. A Mukhtasar kuma Khalil ya halatta duffu a biki ko da ga namiji, ya kawo saɓani a kan babbar ganga.

Akwai waɗanda suka halatta kayan kiɗa, kamar Ibn Hazm, wanda ya ce isnadin hadisin kayan kiɗan ya yanke tsakanin Bukhari da Hisham bin Ammar. Ibn Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, suka nuna hadisin a sadar yake, kuma a nan hujjarsu ta fi ƙarfi. Saboda haka abin da nake ba ka fatawa da shi: kada ka tsara kiɗa da kayan kiɗa, ko na hannu ne ko na cikin kwamfuta. Fiyano ɗin da ke cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio fiyano ne, domin abin lura shi ne abin da kunne ya ji, ba akwatin da ya fito daga ciki ba. Sai dai mas'ala ce da magabata suka yi saɓani a kanta, ba na yarda a kafirta wani ko a raba zumunci saboda ita.

Inda masu sana'arku suka fi rikicewa shi ne iyaka tsakanin sautin yanayi da kiɗa. Idan ka ɗauki hucin iska ka ja shi ƙasa ya zama gurnani mai sa faɗuwar gaba, ko ka sa bugun zuciya, ko ƙarar ƙarfe a rijiya, ba kiɗa ba ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: in sautin yana da karin da za a iya rerawa, ko bugun da za a bi da tafi ko kaɗa kai, ya shiga kiɗa. Muryar namiji zalla, ko an jera ta hawa huɗu, babu laifi in kalmomin masu tsabta ne. Amma a ɗauki "aa" guda a zuba a madannai ana buga ta har mai sauraro ya kasa bambanta ta da goge, wannan a wurina dabara ce kawai, malaman zamani sun saɓa a kanta, barinta ya fi.

A aikace, ka fayyace tun wajen ciniki cewa aikinka murya ne da sautuka, ka yanka farashinsu daban. Ka miƙa kowane layi a fayil ɗinsa, wanda dama haka ƙwararru ke yi. Idan mai fim ya kai wa wani ya ɗora kiɗa, nauyin yana kansa, kuɗinka halal ne. In kuwa kai za ka yi haɗin ƙarshe, kana daidaita kiɗan da murya, ka sa hannu a ciki, ka nemi a ɗauke maka. Jin kiɗa ba da nufi ba yayin duba aiki ba ya cutar da kai, domin ji daban, sauraro daban. A wasan kwamfuta abin ya fi sauƙi: a manhajar Unity ko ta FMOD ka ware wa kiɗa hanyarsa da maɓallin kashewa, yadda mai wasa zai rufe shi sauran sautuka su ci gaba. Taku kuma ka ɗauki kala shida zuwa takwas, injin ya riƙa zaɓa yana ɗan sauya kaifinsu, in ba haka ba kunne zai gane maimaici.

Ka kiyayi mayar da karatun Alƙur'ani ko kiran salla abin cike gurbi. A wasa sauti yana zagayawa ne, yana yankewa duk inda mai wasa ya danna, sai aya ta tsinke a tsakiya ko ta haɗu da harbi, alhali aya ta 204 ta Suratul A'araf ta yi umarni a saurara a yi shiru. Manhajar sata ma ka bar ta: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a. A manhajojin gyaran sauti, Audacity kyauta ce, Reaper kuma lasisinta na ƙananan masu sana'a ba shi da tsada.

Kuɗin da ka riga ka karɓa na kiɗa kafin ka san hukunci, ka yi istigfari, ba na wajabta maka fitar da shi. Sana'arka ka riƙe ta. Wallahu a'alam.