Filin Masu Mota: Lexus ce, ko Camry ce ta sa babbar riga?

Assalamu alaikum. Na sayi Lexus ES 350 ƙirar 2008, hom-yus, wato wadda aka hau a waje, da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema. Da na kai ta juyen mai, fita ya ɗaga bonet ya ce, "Alhaji, ai wannan Camry ce ta sa babbar riga." Yaran garejin suka kwashe da dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. An cuce ni ne? — Wani Alhaji daga Nima

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba a cuce ka ba, kuma fitan bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi. Tun da Toyota ta kafa Lexus a 1989, ES ta farko a kan ginin Camry aka ɗora ta. Taka ta 2008 da Camry ta 2007 zuwa 2011 shasinsu ɗaya, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ma ɗaya ce, milimita 2,775. Injinka mai silinda shida, lita 3.5, wanda ake kira 2GR-FE, shi ne a Camry V6 da Avalon da Sienna da RX 350. Giyabos ɗin U660E mai giya shida shi ma na gida ne.

Amma shasi ba shi ne mota duka ba. Bodin daban, kujeru da dashbod daban, an ƙara abin tare ƙara a ƙofofi da ƙasan mota, an kuma saita shokozoba ta yi laushi. Taka a Japan aka haɗa ta, ka duba lambar shasi za ka ga ta fara da JTH, alhali yawancin Camry da ke shigowa daga Amurka da 4T1 suke farawa. Ka shiga cunkoson Kaneshie a cikin kowace, gilashi a rufe, kunnenka zai gaya maka inda kuɗin ya tafi.

Masu irin motar nan kashi biyu ne. Akwai wanda don a gan shi ya saya, shi kam maganar Camry takan sosa masa rai. Akwai kuma wanda ya taɓa riƙe motar da sai an jira kayanta makonni daga waje, shi kuwa hamdala yake yi. A ganinmu na biyun ya fi gaskiya. Inda zumuncin ya zama abin kunya shi ne inda aka yi ha'inci a aikin, kamar Cadillac Cimarron ta 1982, wadda kusan tambari da kujerun fata ne kawai suka raba ta da Chevrolet Cavalier, har ta zubar wa kamfanin da mutunci. ES ba ta cikin wannan sahu.

Abu ɗaya dai, 'yan gida ɗaya sukan gaji ciwo ɗaya. Injin 2GR-FE na farkon shekarun ƙirar nan yana da bututun baƙin mai da ke kai mai ga na'urar VVT-i (mai saita lokacin buɗe bawul) ta kan silindan baya, kuma wani sashensa roba ne. In ta tsufa takan fashe, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, inji ya buga. Ka sa a haska wurin, ta ɓangaren fasinja. In roba ce, a sauya da na ƙarfe zalla, lamba 15772-31030. A duba famfon ruwa kuma: in ka ga busasshen ruwan hoda ya yi ɓawo a gefensa, ya fara yoyo ke nan. Dashbod mai narkewa ya yi danƙo a zafi shi ma ciwon gado ne, don haka a rana irin ta Accra kada ka raina mayafin gilashin gaba.

Fitana ya ce zai sayo wa ES ɗina ta 2010 kayan Camry a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai don sun fi sauƙi. Wane ne zai shiga, wane ne ba zai shiga ba? — Wata Hajiya daga Madina Zongo

Hajiya, nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, domin "Camry" ba mota ɗaya ba ce. Yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu masu silinda huɗu ne, lita 2.4 ko 2.5. 'Yar'uwar motarki ita ce V6 kaɗai, kuma ba ta da yawa. In yaron shago ya ji "Camry 2010", ta silinda huɗu zai miƙo.

Abin da ke shiga ba gardama daga Camry V6: filtar mai ta takarda mai lamba 04152-YZZA1, fulogi, kwayil, fanbel, famfon ruwa da fad ɗin birkin gaba. Juye da sabuwar filta yana cin kusan lita 6.1, don haka galan mai lita huɗu ko biyar bai isa ba, ki tabbata an ciko. Fulogi shida ne, Denso FK20HR11, kuma ukun baya sai an cire bututun iskar da ke kan inji kafin a kai gare su. Akwai masu sauya ukun gaba su karɓi kuɗin shida, saboda haka ki ce a ba ki tsofaffin a hannu ki ƙirga. Rim ma yana shiga, ƙusa biyar ne a tazarar 114.3, amma tayarki 215/55R17 ce, a tsaya a kanta.

Ƙafar mota ce wurin taka-tsantsan. Shokozoba da sifirin na Camry mai silinda huɗu za su ɗauru, ramukan sun yi daidai, amma an yi su ne don inji mara nauyi. Gaban motar zai sunkuya, ta riƙa dukan ƙasa a kan kowane tudun rage gudu, laushin da kika biya kuɗinsa ya tafi. Giyabos na silinda huɗu kuwa ko kusa kada a kawo shi. Man giya Toyota WS ne, ba a gauraya shi da wani, kuma motar ba ta da sandar awo, ta ƙasa ake duba shi a wani zafi na musamman. Wanda ya ce zai cika da ido, ki ɗauke motarki.

Fitila, bamba, bonet, ƙofa, madubi da gilashi, ko ɗaya ba ya shiga. A nan ne za ki biya farashin Lexus, musamman da yake motoci da yawa daga gwanjon masu hatsari na Amurka suke zuwa, kayan gaba ne kowa ke nema.

Hanya mafi tsafta: ki rubuta lambar shasi mai harufa da lambobi 17, a nemo lambar kayan da ita. Lambar Toyota guda goma ce, biyar, jan layi, biyar. In ta yi daidai, kwalin Toyota da na Lexus abu ɗaya ne a ciki. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, a jera su a gani.

Littafin motata ya ce fetur mai lamba 91. Namu na yau da kullum ai 91 ne, ko? — Wani malami daga Mamobi

Malam, awon oktan, wato juriyar fetur ga matsi a inji, ne ya bambanta. Amurka da ma'aunin AKI take aiki, mu da RON. 87 nasu shi ne kusan 91 namu, 91 nasu kuma kusan 95 namu. In motarka daga Amurka ta zo, littafinta ya ce 91, to famfon 95 za ka tsaya. Inji zai iya jure ƙaramin ta hanyar ja da wuta baya, amma ƙarfi zai ragu.

Ina tsakanin Acura TL 2007 da Lexus IS 250. Su ma Accord da Camry ne? — Wani matashi daga Sabon Zongo

TL ɗin jinin Honda Accord ce, ƙanena, kuma injinta na lita 3.2 da taimin bel yake aiki, ba sarƙa ba. Ana sauya shi wajen mil 105,000 ko shekara bakwai, tare da famfon ruwa da tenshina. In ya tsinke, fistin zai daki bawul. Motar gwanjo ba ta zuwa da tarihin gyara, don haka ka sa kuɗin wannan aiki cikin farashin tun kafin ka taya. Man giyarta na Honda ne, DW-1.

IS 250 kuwa ba ruwanta da Camry. Yawancinta ja da baya take yi, injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya ba a gicciye ba, danginta su ne Lexus GS da Toyota Crown da Mark X. Injinta 4GR-FSE yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don haka gawayi kan taru a bayan bawul ɗin shiga, motar ta riƙa rawa a tsaye har sai an buɗe an kankare. Ƙasanta kuma gajere ne. In layin gidanku yana cika da ruwa a watan Yuni, ka auna wannan kafin ka auna tambari.