Khamrah ko Black Opium: wanne ya fi dacewa da hunturu?

'Yar uwa, kin tambaya wanne za ki saya don sanyin bana tsakanin Khamrah da Black Opium, tunda kina son turare mai ƙamshin kayan zaƙi. Fara duba lokacin da kike yawan fita, domin hunturunmu sanyin safe da dare ne, da azahar kuwa rana na nan da ƙarfinta. Zafi yana tayar da turare daga fata da sauri, shi ya sa zaƙin ke hawa kai. Cikin sanyi a hankali yake fita, ya yi taushi.

Khamrah na kamfanin Lattafa, wanda ya fito a 2022, shi ne mai nauyin. Kirfa ce ke fara bugun hanci, sai dabino, daga baya vanila ta zauna ta daɗe. Na dare ne da sassafe, ko wajen biki. Fesa biyu ya isa: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya. Idan kika yi biyar kika shiga adaidaita sahu da tsakar rana, ke da na kusa da ke duk za ku sha ciwon kai. Akwai ƙaninsa Khamrah Qahwa, mai gahawa da citta, ɗacin gahawar ya ɗan rage masa zaƙi, kuma a ganina ya fi sauƙin sawa ga wadda zaƙi ke saurin gundura.

Black Opium na Yves Saint Laurent, na 2014, gahawa ce da vanila da fararen furanni. Bai kai Khamrah kauri ba, don haka za ki iya wuni da shi a ofis ko makaranta da fesa uku. Sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, jabunsa kuma sun yi yawa a kasuwa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne fata. Iskar hunturu tana busar da ita, busasshiyar fata kuma ba ta riƙe turare, sai a ɗauka kwalbar ce ba ta da kyau. Bayan wanka ki shafa ɗan basilin marar ƙamshi a inda za ki fesa. Kada ki murza hannu da hannu, ki bari ya bushe da kansa. Kada kuma ki fesa wa farar shadda ko farin mayafi, domin ruwan Khamrah yana da duhu, vanila ma tana barin tabo rawaya. In kin riga kin shafa humra, ki bar Khamrah ranar, nauyi biyu ne za su haɗu; turaren wuta na sandal a jikin kaya ya fi tafiya da shi.

Kafin ki biya, ki fesa a wuyan hannu ki yi awa uku da shi, don ƙamshin da ya rage a lokacin shi ne wanda za ki wuni da shi. In kwalba ɗaya kawai za ki saya kuma fitarki ta rana ce, ɗauki Black Opium. In ta dare ce, Khamrah.